Jan Zamoyski, Wazirin Folan: Rayuwarsa da Sha'anin Mulkinsa, 1542 zuwa 1605

Galibin littattafan tarihin Turai sun fi ba da ƙarfi ga labarin Ingila da Faransa da Sifen, inda sarakuna suka yi ta tattara iko a hannunsu cikin ƙarni na 16. Ɗalibin da ya tsaya nan sai ya ɗauka ko'ina haka abin ya ke. Amma a gabashin Turai akwai wata babbar daula da ta bi hanya dabam, watau tarayyar Folan da Lituwaniya, inda ikon sarki ya yi ta raguwa na majalisa yana ƙaruwa, har sarauta ta bar zama gado ta koma zaɓe. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana yadda wannan tsari ya kafu, ta hanyar bin rayuwar mutum guda wanda ya sa hannu wajen gina shi, ya kuma yi fama da shi har ƙarshen ransa. Sunansa Jan Zamoyski, a bakin mutanen ƙasarsa kuwa Yan Zamoiski. Matsalar da ke cikin labarinsa ita ce wannan: ko ana iya ba jama'a 'yancin zaɓen shugaba da taka masa birki, a kuma bar wa shugaban ƙarfin da zai iya tsare ƙasa?

Yadda Ƙasar Ta Ke

Kafin a shiga labarin mutumin, ya kamata a san jama'ar da ya fito daga cikinta. A Folan akwai wani jinsi na mutane da su ke kira shilahta, mu kuwa a nan za mu ce da su masu asali. Su ne masu mallakar ƙasa, su ne masu fita yaƙi bisa doki, su kaɗai ke da baki cikin sha'anin mulki. Yawansu ya kai kusan kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na mutanen ƙasar, abin da ya fi na Faransa da Ingila nesa ba kusa ba. A gaban shari'a dukansu ɗaya ne, ko da ya ke a zahiri akwai mai garuruwa da yawa, akwai kuma wanda shi ke riƙe da garmarsa da hannunsa.

Masu asalin nan sun daɗe suna karɓar alkawura daga sarakunansu. Tun wajen 1430 aka yarda ba za a ɗaure ɗayansu ba sai bayan hukuncin alƙali. A 1505 kuma aka kafa doka cewa sarki ba shi da ikon fito da sabuwar doka sai da yardar majalisar ƙasa. Majalisar nan, wadda su ke kira Sejm, sassa uku gare ta: sarki, da majalisar dattawa ta manyan limaman kirista da manyan hakimai, da majalisar wakilai waɗanda masu asali na kowane lardi ke zaɓowa.

To, amma 'yancin nan bisa wuyan talaka aka gina shi. Arzikin masu asali daga hatsi ya ke, ana ɗora shi a jiragen ruwa a bi Kogin Bistula da shi zuwa tashar Gdansk, daga can a kai shi Amsterdam. Don a sami hannuwan noma, dokar 1496 ta ƙuntata wa manomi barin ƙauyen ubangidansa, ta 1520 kuwa ta ɗora masa aikin gandu na aƙalla kwana ɗaya kowane mako, kwanakin kuma suka yi ta ƙaruwa daga baya. Duk inda aka ce 'yanci a cikin wannan takarda, na masu asali a ke nufi.

Tashinsa da Karatunsa

An haifi Jan Zamoyski ran 19 ga watan Maris 1542 a Skokowka, kudu maso gabashin Folan. Ubansa Stanislaw mai asali ne matsakaici, 'yan ƙauyuka kaɗan gare shi, yana kuma bin ɗariƙar Kalbin ta Furotesta. Tun yaron yana ɗan shekara goma sha wani abu aka tura shi Faris, ya yi zama a fadar Sarkin Faransa, ya yi karatu, sa'an nan ya wuce Strasburg. A 1561 ya shiga jami'ar Padua ta ƙasar Italiya, wadda a zamanin nan tana ƙarƙashin mulkin Jamhuriyar Fenis. Can ya karanta shari'a, can ya koma ɗariƙar Katolika, can kuma 'yan'uwansa ɗaliban shari'a suka zaɓe shi shugabansu a 1563. A shekarar nan aka buga littafinsa na Latin a kan majalisar dattawan Rum ta dā.

Wannan karatu shi ya gyara masa tunani har mutuwarsa. Ya dubi ƙasarsa da idon wanda ya karanta tarihin Rum, ya ɗauki masu asali a matsayin jama'ar Rum masu 'yanci, sarki kuwa babban ma'aikacin da doka ta ɗaure. Da ya komo gida a 1565 sai Sarki Sigismund Augustus ya ɗauke shi magatakarda, daga baya ya ba shi aikin jera takardun mulki da ke ajiye a fadar Krakow. Aikin nan a ido ƙarami ne, amma shi ya sa Zamoyski ya san dokoki da alkawuran ƙasar fiye da kusan kowa a zamaninsa, ya kuma san wace gona ce ta sarauta, wa ke riƙe da ita, da wane dalili. A lokacin nan matsakaitan masu asali suna fafutukar a ƙwato gandayen sarauta da manyan gidaje suka haɗiye, Zamoyski kuwa ya bi sahunsu.

Zaɓen Sarki

A 1569 aka ƙulla haɗin Folan da Lituwaniya a birnin Lublin, suka zama da sarki ɗaya da majalisa ɗaya, kowace kuma ta riƙe baitulmalinta da rundunarta. Bayan shekara uku, watau a 1572, Sarki Sigismund Augustus ya rasu bai bar ɗa ba, gidan Yagelo da ya yi kusan shekara 200 yana mulki ya ƙare ta wajen maza. Nan fa aka tsaya a kan tambayar wa zai zaɓi sabon sarki. Manya suna so abin ya tsaya ga dattawa da wakilai, kamar yadda a ƙasashe da yawa a kan bar wa 'yan majalisa kaɗan zaɓen sarki. Zamoyski, yana da shekara 30, yana cikin waɗanda suka fi tsayawa a kan cewa duk mai asalin da wajibi ne ya fita yaƙi don kare ƙasa, to, yana da hakkin ya zo da kansa ya zaɓi wanda zai mulke shi. Wannan ra'ayi shi ya yi rinjaye. A 1573 mutum wajen 40,000 suka taru a fili kusa da Warso, suka zaɓi Henri, ƙanen Sarkin Faransa.

Ba su ba shi sarautar haka kawai ba. A watan Agusta 1572 an yi wa Furotesta kisan gilla a Faris, Henri kuwa yana cikin waɗanda a ke zargi. Saboda haka tun a watan Janairu 1573 masu asali suka ƙulla alkawari a Warso cewa ba za su zub da jinin juna saboda bambancin ɗariƙa ba. Suka kuma rubuta sharuɗɗan da kowane sarki zai rantse a kansu: ba zai naɗa magaji ba, zai kira majalisa kowace shekara biyu ta zauna mako shida, ba zai sa sabon haraji ko ya kira gayyar yaƙi ba sai da yardarta, in kuwa ya karya alkawari to an sauke wa jama'a nauyin yi masa biyayya. Zamoyski yana cikin jakadun da suka tafi Faris don a sa Henri ya yi wannan rantsuwa. Aka naɗa shi a Krakow a watan Fabrairu 1574, amma da ya ji wansa ya rasu sai ya sulale da dare a watan Yuni, ya tafi ya hau gadon Faransa.

A zaɓe na biyu, cikin Disamba 1575, dattawa suka zaɓi Maksimiliyan na Biyu, Sarkin sarakuna na gidan Habsburg na Ostiriya. Zamoyski ya ƙi, don yana ganin yadda gidan nan ya danne 'yancin masu asali a Bohemiya da Hungari. Shi da jama'arsa suka tsai da Anna, 'yar'uwar marigayi Sigismund, suka zaɓa mata miji, Stefan Batori, mai mulkin Transilbaniya. Batori yana ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi na Santambul, Murad na Uku, wanda shi ne Mai Idris Aloma na Barno ya yi musayar jakadu da wasiƙu da shi cikin shekarun nan. Batori ya riga abokin takararsa isowa Krakow, aka naɗa shi ran 1 ga watan Mayu 1576.

Waziri da Sarkin Yaƙi

Sabon sarkin ba ya jin harshen Folan, da Latin ya ke magana da mutanensa, yana kuwa bukatar wanda ya san dokokin ƙasa da halin masu asali. Ya naɗa Zamoyski mataimakin waziri a 1576, babban waziri mai riƙe da hatimin sarauta a 1578, sa'an nan babban sarkin yaƙi a 1581. A 1583 ya aurar masa da Griselda, 'yar ɗan'uwansa. Mutum ɗaya ya haɗa alƙalami da takobi da surukuta da sarki.

Abubuwa biyu na 1578 sun isa a ambata. Na farko, sarki ya saki ikonsa na yanke hukuncin ƙarshe a ƙararrakin masu asali, aka kafa babbar kotun ɗaukaka ƙara wadda su da kansu ke zaɓen alƙalanta, tana zama a Piotrkow da Lublin. Na biyu, aka kafa rundunar dakaru daga manoman gandayen sarauta, mutum ɗaya daga kowace gona 20. Da wannan da kuɗin da majalisa ta yarda aka fuskanci Iban na Huɗu, Sarkin Masko, wanda ya mamaye ƙasar Liboniya a bakin Tekun Baltik. Aka ci Polotsk a 1579, aka ci Belikiye Luki a 1580, aka kewaye Pskov a 1581. Birnin bai faɗi ba, sarki ya koma gida neman kuɗi, Zamoyski ya riƙe rundunar a bakin ganuwa cikin tsananin sanyin hunturun Rasha, da horo mai tsanani. Wannan haƙuri shi ya tilasta wa Iban yin sulhu a watan Janairu 1582, ya saki Liboniya da Polotsk.

Amma tun a nan aka fara ganin canji ga mutumin. Akwai wani Samuel Zborowski, ɗan babban gida, wanda aka yanke wa hukuncin kora daga ƙasa saboda ya kashe wani hakimi a fada a 1574. Ya komo yana yawo a fili ba tsoro, danginsa kuma suna ƙulle-ƙulle a kan sarki. Zamoyski ya sa aka kama shi, da yardar sarki aka sare masa kai a Krakow ran 26 ga watan Mayu 1584. Waziri ya ce doka ya zartar. Masu asali da yawa kuwa suka ce an kashe ɗan'uwansu ba tare da sabuwar shari'a ba, wanda dā ya ke kare 'yancinsu ya zama bulalar sarki. Gabar nan ta raba ƙasar biyu.

Shi da Sigismund na Uku

Batori ya rasu a Disamba 1586. A zaɓen 1587 ɓangarorin biyu suka zo fili da sojojinsu. Na Zamoyski suka zaɓi Sigismund, ɗan Sarkin Suwidin, wanda uwarsa 'yar gidan Yagelo ce. Na Zborowski suka zaɓi wani Maksimiliyan, ɗan gidan Habsburg. Maksimiliyan ya zo da yaƙi, Zamoyski ya tsare Krakow har aka naɗa Sigismund ran 27 ga Disamba, sa'an nan ya bi shi har Bicina, ya ci shi da yaƙi ran 24 ga Janairu 1588, ya kama shi. Sai da gidan Habsburg suka yi alkawarin janye hannu daga sarautar Folan a 1589 aka sake shi.

Wanda ya naɗa sarki ba safai ya kan ji daɗin sarkin ba. Sigismund saurayi ne mai zurfin ciki, mai tsananin riƙo da Katolika, zuciyarsa tana Suwidin, yana kuma son ƙawance da Ostiriya. Ya shiga shawara a asirce don ya bar wa Ernest na gidan Habsburg gadon Folan, ya kuma auri 'yar gidan a 1592. A majalisar shekarar nan Zamoyski ya jagoranci masu tuhumar sarki a gaban jama'a. Ba a tuɓe shi ba, amma kwarjinin sarauta ya zube, masu asali kuma suka koyi zargin duk wani shiri da ya fito daga fada.

Abin lura shi ne, Zamoyski da kansa ya ga aibin zaɓen da ya taimaka aka kafa. Sau biyu a jere an tashi da sarki biyu, na biyun har da jini. A 1589 ya kawo shawara a tsara zaɓe da ƙa'ida, a riƙa bin ra'ayin mafi yawa, a kuma hana gidan Habsburg shiga takara. Majalisa ba ta karɓa ba. Abokan gabansa sun ɗauka dabara ce ta ƙara wa kansa ƙarfi, ƙananan masu asali kuwa ba su yarda a taɓa hakkin da aka riga aka ba su ba.

Duk da saɓaninsa da sarki bai ajiye takobi ba. A 1595 ya shiga Moldabiya ya ɗora Yeremiya Mobila a kan mulki, ya tare rundunar Tatar ta Kirimiya a Cecora har aka yi sulhu, Santambul kuma ta amince. Manufarsa a kudu ita ce a sami ƙasa mai shiga tsakani, a kuma guje wa babban yaƙi da Turkawa, shi ya sa ya ƙi shiga ƙawancen da Fafaroma da Ostiriya ke nema a kansu. A 1600 ya ci Mika'ilu mai mulkin Walakiya da yaƙi. A 1601 da 1602, yana da shekara 60, ya yi yaƙi da Suwidin a Liboniya ya ƙwato garuruwa, amma rashin biyan sojoji albashi da rashin lafiya suka sa ya koma gida.

Birninsa da Makarantarsa

A 1580 Zamoyski ya kafa sabon birni a ƙasar gadonsa ya sa masa suna Zamosc. Wani magini mutumin Padua, Bernardo Morando, shi ya zana shi tun daga tushe: kasuwa murabba'i a tsakiya, tituna miƙaƙƙu, fada, babbar majami'a, da ganuwa irin ta Italiya. Don ciniki ya habaka ya ba Armeniyawa izinin zama a 1585, Yahudawa 'yan asalin Sifen da Fotugal a 1588, Girkawa a 1589, kowa da wurin ibadarsa. A 1992 hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

A 1595 ya buɗe makarantar ilmi mai zurfi a birnin, bayan Fafaroma ya ba da izini a 1594. Ita ce ta uku a daular, bayan ta Krakow da ta Bilniyus. Ana koyar da Latin da Girkanci, da shari'a, da falsafa, da likitanci, tana kuma da maɗaba'arta. Nufinsa a horar da 'ya'yan masu asali don aikin majalisa da alƙalanci, domin a ganinsa halin kowace ƙasa daga irin tarbiyyar samarinta ya ke fitowa. Makarantar ta rayu har 1784.

A 1589 kuma majalisa ta yarda masa ya mai da dukiyarsa gandun da ba a rabawa, ba a sayarwa, babban ɗa namiji kaɗai ke gadonsa. Gandun nan ya zauna a hannun danginsa har 1944. Mutumin da ya gaji 'yan ƙauyuka ya mutu yana da garuruwa 11 da ƙauyuka fiye da 200 na kansa, ban da gandayen sarauta masu yawa da ya ke riƙe da su. Watau wanda ya fara suna da yaƙi da manyan gidaje ya ƙare shi ne babbansu.

Ƙarshensa da Abin da Ya Bari

A majalisar 1605 ya yi jawabinsa na ƙarshe. Ya gargaɗi sarki a kan neman ikon da doka ba ta ba shi ba, ya kuma yi ba'a ga masu goyon bayan wani da ya fito yana da'awar shi ne Dimitri ɗan Iban, yana neman gadon Masko. Ya rasu a Zamosc ran 3 ga watan Yuni 1605. Ɗansa Tomas ya zama waziri daga baya, tattaɓa-kunnensa Mika'ilu Wisniowiecki kuma aka zaɓe shi sarki a 1669.

Shekara guda bayan rasuwarsa abokinsa Mikolaj Zebrzydowski ya ja masu asali suka yi wa sarki tawaye, suna kafa hujja da sharaɗin nan na janye biyayya. Sojan sarki ya ci su a Guzow a 1607, amma aka yafe musu, shirin ƙarfafa sarauta kuma ya mutu. A 1652 wakili guda ya ƙi yarda a ƙara wa majalisa kwanaki, ta watse ba ta zartar da kome ba, abin kuma ya zama al'ada. Maƙwabta suka gane cewa sayen wakili ɗaya ya fi tara runduna araha. A 1772 da 1793 da 1795 Rasha da Furusiya da Ostiriya suka rarraba ƙasar, ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba sai 1918.

Ba daidai ba ne a ɗora wa Zamoyski alhakin abin da ya auku shekara 190 bayan mutuwarsa, domin a zamaninsa tsarin ya yi aiki: daular ta ci Masko, ta kori Habsburg, ta kuma tsira daga yaƙin addini irin wanda ya cinye Faransa. Amma malamin da zai koyar da wannan babi yana iya nuna wa ɗalibansa abu uku. Na farko, tsarin ya yi aiki ne sa'ad da sarki da waziri suka haɗa kai, da suka rabu kuwa ba wata doka da ta tanadi yadda za a raba gardama ban da takobi. Na biyu, an ba dubban mutane hakkin zaɓe ba a tsara yadda za a ƙidaya ra'ayinsu ba, da aka zo gyara kuma sai masu hakkin suka ƙi. Na uku, daidaiton da doka ta rubuta bai hana mai garuruwa 11 sayen bakin mai gona ɗaya ba, hanyar da Zamoyski ya bi ya tara mabiya da sojoji na kansa kuwa ita manyan gidajen ƙarni na 17 suka bi, ba tare da iliminsa ko kishin ƙasarsa ba.